Nu'uman Sai-Anjima da Bijimin Hajjo

A Birnin Gwari ba a cewa Nu'uman Mai Hoto sai a takarda. Sunan da ya bi shi shi ne Sai-Anjima, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara ashirin da bakwai yana riƙe da kyamara, in ban da aikinsa na farko bai taɓa ɗaukar hoto a fili ba daga hantsi zuwa la'asar. Ka zo masa da sabon babur ka ce a ɗauke ka a kai, zai fito ƙofar shago, ya juya wa rana baya, ya dubi inuwarsa a ƙasa. In inuwar ba ta kai tsawonsa ba, ya koma ciki.

"Sai anjima."

"Haba Malam, ga rana fes! Ina za a sami hasken da ya fi wannan?"

"Shi ya sa. Ta yi yawa."

Ba ya ƙara komai a kai. Wanda ya iya jira ya jira, wanda bai iya ba ya tafi. Har ta kai ladanin unguwarsu, ranar da agogonsa ya mutu, leƙowa yake yi ya ga ko Nu'uman ya fito da kyamara. In ya fito, la'asar ta yi.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Tela ne shi har ya kai shekara talatin, ɗinki ya ƙi shi, ya sayar da keken ya sayo tsohuwar kyamara a Kaduna. Aikinsa na farko hoton ƙungiyar manoman masara ne, mutum arba'in da huluna, ya jera su a filin makaranta rana tsaka. Da aka wanko hoton, kowa idonsa ya zama rami, inuwar hanci ta sauko har haɓa, fararen riguna sun haɗe sun zama bango ɗaya. Shugaban ƙungiyar ya kai wa tsohuwarsa, ta nuna wani can daban ta ce shi ne ɗanta. Washegari suka dawo masa da kayansa. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Yaro, mun zo hoto ka yi mana jana'iza."

A teburin mai shayi Nu'uman yake zaune da tarin hotunan nan, sai wani ma'aikacin gandun daji na Kamuku, Isaiah, ya ɗauki ɗaya ya duba. Ya yi dariya har ya ƙware. Da tarin ya lafa ya ce, "Ranar Asabar ka same ni da asuba. Ka zo da abin naka."

Isaiah bai koya masa komai da baki ba. Ya kai shi bakin wata fadama, ya zaunar da shi a bayan suri, ya ce ya yi shiru. Rana ta leƙo ta gefe, gwanki ya fito shan ruwa, gashin wuyansa ana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, raɓa tana ƙyalli a kan kowace ciyawa. Da rana ta take ya sake mayar da shi wurin. Fadamar ta zama fari fat kamar an shanya tsumma, ba tudu ba kwari.

"Ka ga dabba a fili yanzu?" in ji Isaiah. "Ko biri ya san ya shiga inuwa. Kai ne ka jera dattawa a cikin rana."

Tun daga ranar Nu'uman ya kama awon inuwa. Sauran abin da ya sani, daji ne ya nuna masa a hankali. Hasken da ya zo ta gefe shi ke fito da jikin abu. Ganye ya fi kyau bayan ruwa ya wanke shi. Ranar da gari ya lumshe fuskar mutum ta fi daɗin ɗauka. Farin abu shi yake fara ƙonewa. Kafin ya danna sai ya ɗaga bayan hannunsa ya juya shi a hankali, yana duban yadda haske yake kwanciya a kan jijiyoyin. Masu wucewa suna zaton ciwon hannu gare shi, har an taɓa kawo masa man zafi.

Hoton fasfo ne ya ciyar da gidansa. Na daji ba wanda ya taɓa saya, suna nan manne a bangon shago, burtu yana tafiyar isa, furen ɗorawa ja kamar garwashi, gwankin nan na farko. Shekarun da daji ya ƙi shiguwa saboda rashin tsaro, Isaiah ya yi ritaya, Nu'uman ya koma ɗaukar ƙadangarun katanga da awakin matarsa. Sannan waya ta zo hannun kowa, kowa ya zama mai hoto, ana ta dannawa rana tsaka ana cewa ya yi kyau. Bai yi musu da kowa ba.

Matarsa Asama'u ce kaɗai ba ta daina mita ba.

"Shekara ashirin da biyar ina auren mai hoto, ba ni da hoton da zan nuna wa mutane. Na yi kwalliya ka ce sai anjima. Anjima ta yi ina gaban murhu da muciya, hayaƙi ya cinye kwallin. Akuyata tana da hoto goma sha ɗaya, Baban Nafisat. Na ƙirga."

"Ita ba ta zaɓen lokaci," in ji shi.

Wata Laraba cikin kaka, dawa ta fara nuna, wani dattijon Bafulatani ya sauka daga babur a ƙofar shagon, da sanda a kafaɗa. Sunansa Bakoji, rugarsa tana bakin daji ta wajen Gayam. Bai zauna ba, a tsaye ya zayyana abin da ya kawo shi.

Yana da wani farin bijimi, Daneri. Uwarsa ta mutu ranar da ta haife shi, matar Bakoji, Hajjo, ta raine shi da ƙwarya da yatsa, yana kwana a ƙofar bukkarta. Ya girma bai san shi sa ba ne. Ba ya bin garke, Hajjo yake bi, har tallan nono. A hanya kuwa duk gonar da ta burge shi sai ya shiga, kuma ba ya cin ta gefe, tsakiya yake zuwa ya zaɓi masu kyau. Gona uku ya yi wa haka a damina ɗaya. Dattawan manoma da na makiyaya suka zauna suka yanke: ko bijimin ya bar yankin ranar Alhamis, ko rugar ta tashi gaba ɗayanta. Bakoji ya sayar da shi ga wani dillali, motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta za ta zo ɗaukarsa gobe da hantsi.

"To ina ruwana a ciki, Baffa?"

"Ba ya hawa mota. Ƙarti shida suka sa masa igiya don gwaji, ya ja su ya zuba a rafi. Ita kaɗai yake bi. Ita kuwa ta ce ba ta ɗaga ƙafa sai an ba ta hotonsa ta ajiye."

"Ba ku da waya?"

Bakoji ya zaro waya daga aljihu ya miƙa masa. 'Ya'yansa sun ɗauki hoto ya fi hamsin, duka da tsakar rana. Nu'uman ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani farin abu ne a kan sanduna huɗu, ba tozo, ba ido, ƙahon ma ya ɓace cikin sama.

"Ta ce wannan buhun gari ne, ba ɗanta ba," in ji Bakoji. "Taso mu je, Kaɗo, tun rana ba ta gudu ba."

Nu'uman ya fita ƙofa. Inuwarsa tana ƙarƙashin takalminsa.

"Sai anjima."

Bakoji ya daɗe yana kallonsa. "An gaya mini haka za ka ce. Na zaci ƙazafi ake maka."

Bayan azahar suka kama hanya. Sun isa rugar rana tana sama har yanzu, ga Daneri a tsaye a fili, ƙato, fari sol, ya juyo da fuska kamar an gaya masa mai hoto na tafe. Hajjo tana gefe tana kankare ƙwarya, 'yar siririyar tsohuwa, ta amsa gaisuwa ba ta ɗago ba.

"Ga shi ya tsaya maka," in ji Bakoji. "Danna guda ɗaya mu ajiye, in ya so anjima ka ƙara."

Nu'uman ya auna inuwa. Saura taku ɗaya ta kai.

"Buhu na hamsin da ɗaya kake so?"

Suka zauna jira. Kafin inuwar ta cika takun nan, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ruwan bankwana na ƙarshen damina. Ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da magariba ta wuce. Bakoji bai yi faɗa ba. Ya dai ce wa sandarsa, yadda baƙon zai ji, "Ruga guda za ta tashi saboda taku ɗaya." A rugar Nu'uman ya kwana, kuma karo na farko cikin shekara ashirin da bakwai ya tambayi kansa ko sani ne yake da shi ko taurin kai ne kawai.

Da aka idar da sallar asuba ya fito ya dubi gabas. Sama ta wanke tas. An hura wutar nan da makiyaya suke yi wa shanu don korar ƙuda, itacen ya jiƙe, hayaƙi ya kwanta ƙasa-ƙasa a tsakanin itatuwan kaɗanya. Ya san abin da zai samu. Daga leƙowar rana zuwa lokacin da za ta hau kan itatuwa ta fara ƙona farin gashi, bai fi a sha koko a wanke kofi ba.

Ya nufi bijimin. Daneri ya ɗaga hanci, ya shaƙi ƙamshin sabulun gari, ya sunkuyar da kai. Nu'uman shekararsa hamsin da bakwai, gwiwarsa ta dama tana ƙara in zai tashi daga sujada, amma bai san lokacin da ya ga kansa a reshe na biyu na kaɗanya ba, kyamara tana lilo a wuya.

"Sauko, Kaɗo," in ji Bakoji, yana cire rigarsa ta kiwo. "Warinka ne bai yi masa ba. Sa wannan."

Rigar ba ta ga ruwa ba tun farkon damina, in ban da na sama. Nu'uman ya sa ta yana numfashi ta baki, aka ɗora masa malafa a ka. Daneri ya sake shinshinawa, ya ga ɗan gida ne, ya ƙyale shi.

Rana ta leƙo. Hayaƙin ya koma ruwan zinari. Nu'uman ya ɗaga kyamara, bijimin ya juya masa gindi. Ya zagaya ta dama, bijimin ya juya. Ya zagaya ta hagu yana tsallake kashin shanu, ya taka wanda bai gani ba, bijimin ya sake juyawa. Haske mafi kyau da ya gani cikin shekara goma yana zuba a kan wutsiya.

Sai ga ƙugin mota. Kantar da aka ce da hantsi ta iso tun yanzu, direban yana son ya kama kasuwa da wuri. Ya juya da baya ya jingina ta da wani tudu, ya sauke ƙofar baya, ya danna oda sau uku.

"Baba mai hoto, danna mana kawai mu wuce! Sa ne fa, ba amarya ba!"

Nu'uman ya sauke kyamara ya tsaya yana kallo, yadda Isaiah ya zaunar da shi a bayan suri. Nan ya ga abin da ya tsere masa. Bijimin bai ma san da shi ba. Hajjo ce take kai da kawowa tsakanin bukka da wurin wanke-wanke, wai aiki take yi, ba ta kallon kowa, shi kuwa Daneri duk inda ta nufa can yake mayar da fuska. Tun ɗazu sa yake ƙoƙarin juyawa, alhali tsohuwa ce abin juyawa.

A hannunta akwai babban tiren silba da take rufe ƙwaryar nono da shi, ta goge shi da toka yana walƙiya.

"Inna, ara mini tiren nan."

"Ba na ba Kaɗo tirena. Ba ku mayar da abu."

"To riƙe da kanki. Zo ki tsaya nan kusa da ni, ki fuskanci rana."

"Ni ba na shiga hoto."

"Ba ke nake so ba."

Ta ɗago kai karo na farko tun jiya. "Au, ba ni kake so ba? Me ya same ni?"

"Inna, rana tana tafiya."

Ta zo tana gunaguni da Fulatanci, ta tsaya inda ya nuna, yamma da bijimin. Daneri ya juyo gaba ɗayansa ya fuskance ta. Yanzu rana tana bayansa, ta zana masa zare na haske daga ƙaho zuwa tozo zuwa gadon baya, hayaƙi yana ci a bayansa kamar an kunna shi. Fuskar ce ta faɗa duhu.

"Baba, ai rana a bayanka ake sa ta!" direban ya yi kira daga kan mota. "Ko ni na san wannan. Zai ƙone!"

Nu'uman ya karkato malafa ta yi wa idon kyamara rumfa. "Ɗaga tiren, Inna. Tari rana da shi ki jefa masa a fuska."

Ta ɗaga. Hasken ya dira a idon Nu'uman, ya ga taurari.

"Ba ni ba. Shi."

Ta karkata. Ya dira a idon direban, wanda ya kare fuska yana salati. Nan ta ɗan daɗe, kuma Nu'uman ya tabbata da gangan ne.

"Ƙasa kaɗan. Kaɗan. Tsaya nan."

Hasken ya kwanta a fuskar bijimin a hankali, mai laushi, ya shiga cikin idon. Amma kansa yana ƙasa, yana tuƙa.

"Kira shi."

Hajjo ta dubi mijinta, ta dubi direban, ta dubi baƙon da ke sanye da rigar mijinta. Mace irinta ba ta nuna son abu a gaban maza, ko ɗan fari ne balle sa. Bakoji ya gane, ya juya baya ya shiga duban sama kamar yana neman wata. Sai ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, can ƙasa, irin wanda ake yi wa jariri.

Daneri ya daina tuƙa. Ya ɗago kai, ya miƙo kunnuwa.

Nu'uman ya danna sau ɗaya.

Ya so ya ƙara, amma bijimin ya riga ya tako ya sa hanci a cikin tiren yana neman dusa, rana kuma ta hau kan kaɗanya, farin gashin ya fara ɗaukar ido. An gama. Ya cire malafa ya yi wa bayan kyamara inuwa da ita, ya miƙa wa tsohuwar ba tare da ya duba ba.

Ta daɗe tana kallo. Direban ya kai hannu zai danna oda, Bakoji ya ɗora masa sanda a kan hannun. A cikin hoton ana ganin toka-tokan da ke wuyan bijimin, da raɓa a gashin hancinsa, da tsagar da wayar shinge ta yi masa a kunne yana ɗan maraƙi. Idon yana kallon wani da ba ya cikin hoton.

"Kunnen hagu ya karkace," in ji Hajjo. "Haka yake yi in ya ci gonar mutane ya dawo."

Ta sake duban hoton.

"Shi ne," ta ce.

Ta miƙa wa mijinta tiren, ta gyara zani, ta nufi tudun. Ba ta waiwaya ba, ba ta riƙe igiya ba. Bijimin da ya zuba ƙarti shida a rafi ya bi ta kamar ɗan akuya, ta shiga bayan motar ya shiga, ta dafa masa goshi, ta zame ta gefe ta fito, aka rufe. Da motar ta tashi ta tsaya tana goge ido da bakin mayafi, tana zagin wanda ya sa ɗanyen itace a wuta. Bakoji ya ce shi ne, a yi haƙuri, ko da yake ba shi ba ne.

Rugar ba ta tashi ba. Nu'uman ya wanko hoton babba ya sa masa gilashi, Bakoji ya zo ya karɓa, ya kawo man shanu cikin ƙwarya, ya karɓi rigarsa da Asama'u ta wanke sau uku ta shanya a can bayan gida. Ya shinshina ta ya ce an lalata masa riga, yanzu sai shanu sun yi sati ba su san shi ba.

Asama'u ta ga hoton kafin a tafi da shi. Washegari Nu'uman ya dawo daga masallaci, ya ɗan kishingiɗa, ya fito da fitowar rana zai tafi shago, ya tarar da ita a tsakar gida cikin leshinta na biki, da kwalli da ɗan kunne, murhu a kashe. Ta ba 'yarsu Nafisat tiren shayi ta tsayar da ita a gefe. Kyamarar tana kan turmi.

"Akuya ta samu, sa ya samu," in ji ta. "Auna."

Ya juya wa rana baya ya duba. Inuwarsa ta wuce rijiya, ta hau katanga.

Ya ɗauki kyamara. "Matsa hagu kaɗan. Nafisat, ƙasa da tiren, kina kashe wa uwarki ido."